Ko Daidai Ne A Tsaya Wa Wanda Ake Tuhuma Da Laifi?

A birnin Bauchi, kamar a sauran garuruwan ƙasar nan, da zarar an ji cewa 'yan sanda sun tafi da wane, shari'arsa ta ƙare a bakin mutane tun kafin ya ga alƙali. A majalisa za a ce, “Dama ana zarginsa.” A bakin famfo za a ce, “Ashe haka yake?” Idan kuma aka ga lauya ya sa baƙar rigarsa ya tsaya masa a kotu, sai a haɗa su biyun a yi musu kuɗin goro, a ce ɓarawo ya sami mai taya shi. Akwai masu bi da yawa da suke ganin aikin lauya mai kare wanda ake tuhuma bai dace da mai tsoron Allah ba, har wasu iyaye sukan hana ɗansu karanta shari'a domin kada ya zama mai cin abinci da ƙarya.

Wannan damuwa tana da tushe, gama Allah yana ƙin a baratar da mugu. Amma kafin a yanke wa lauya hukunci, ya kamata mai karatu ya dubi abubuwa biyu: abin da tuhuma take yi wa mutum da gidansa, da kuma ainihin aikin da lauya yake yi sa'ad da ya miƙe a gaban alƙali.

Abin Da Ya Sami Rhoda Jatau

A ranar 12 ga Mayu 2022 wasu gungun mutane suka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, bisa zargin saɓo. Bayan kwana takwas, ranar 20 ga Mayu, rikici ya tashi a garin Katanga na Ƙaramar Hukumar Warji a Jihar Bauchi. Dalilinsa shi ne wani bidiyo mai la'antar kisan, wanda aka ce wata ma'aikaciyar lafiya, Rhoda Jatau, ta tura a zauren WhatsApp na abokan aikinta. Jami'an tsaro suka kama ta. Matar aure ce, uwar 'ya'ya biyar.

Sai a watan Disamba 2022 aka gurfanar da ita a gaban Babbar Kotun Jihar Bauchi, ana tuhumarta da tunzura jama'a da kuma wulakanta addini, a ƙarƙashin sashe na 114 da na 210 na dokar Final Kod, tare da wani sashe na dokar laifuffukan intanet ta 2015. An nemi belinta, aka hana. A Nuwamba 2023 lauyoyinta suka roƙi kotu ta sallame ta domin masu ƙara ba su kawo hujjar da za ta sa ta kare kanta ba, kotu ta ƙi. A Disamba 2023 aka ba da belinta, bayan ta yi fiye da wata 18 a tsare. A Disamba 2024 kotu ta sallame ta, ta wanke ta daga dukan tuhumar.

A idon doka Rhoda ba ta taɓa zama mai laifi ba ko na rana ɗaya. Duk da haka ta yi shekara ɗaya da rabi ba ta kwana a ɗakinta ba, iyalinta kuma suka bar garinsu domin tsira da rai. Hukuncin da ya wanke ta bai iya mayar mata da waɗannan watanni ba. Abin lura kuma shi ne, babu wata zanga-zanga ko wa'azi da ya buɗe mata ƙofa kai tsaye. Addu'o'in masu bi da kiraye-kirayen ƙungiyoyi sun taimaka ƙwarai, amma hanyar da ƙofar ta buɗu ita ce ta lauyoyi waɗanda suka yi ta komawa kotu, ana ɗage zama suna dawowa, har suka sami beli, daga baya suka sami hukunci.

Tuhuma Tana Horo Tun Kafin Hukunci

Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Sashe na 35 kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a cikin kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa, sai dai in laifin na hukuncin kisa ne. Wannan ke nan a takarda. A zahiri kuwa, alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali na shekarar 2024 sun nuna cewa kimanin biyu bisa uku na waɗanda suke tsare a gidajen yarin ƙasar nan masu jiran shari'a ne, watau ba a same su da laifin komai ba tukuna. A cikinsu akwai waɗanda zamansu na jira ya wuce tsawon ɗaurin da za a yi musu da a ce an same su da laifin.

Bari a dubi gidan da aka kama maigida. Idan ma'aikacin gwamnati ne, ana iya dakatar da shi, a riƙa ba shi wani ɓangare na albashinsa kawai. Idan ɗan kasuwa ne a Wunti ko Muda Lawal, rumfarsa za ta rufu, masu binsa bashi su taso, waɗanda yake bi kuma su ɓuya. Idan manomi ne aka kama shi a farkon damina, abincin shekara ya tafi. Uwargida za ta sayar da akuya, ta sayar da keken ɗinki, ta riƙa kai abinci gidan yari. Yara za su bar makaranta saboda kuɗi, ko kuwa su ƙi zuwa saboda gorin abokai. 'Yar da aka sa wa ranar aure tana iya ji an ce a dakata tukuna. Duk wannan yana faruwa ne kafin shaida ko ɗaya ya buɗe baki.

Idan kuwa aka same shi da laifi, tabon yakan bi shi bayan ya gama zaman wa'adinsa. Masu ɗaukar aiki sukan tambaya ko an taɓa ɗaure mutum. Ofisoshin jakadanci sukan nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Kundin Tsarin Mulki ya hana wanda aka ɗaure saboda laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa har sai shekara 10 ta wuce. Tun da farashin ya kai haka, hankali ma ya nuna cewa bai kamata a ɗora shi a kan mutum ba sai an bincika da kyau.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan ciwo. Yusufu ya shiga kurkuku a Masar a kan maganar mutum ɗaya, matar Fotifar, da riga a matsayin shaida, ba wanda ya tambaye shi yadda rigar ta kai hannunta (Farawa 39). An jajjefe Nabot har lahira saboda shaidun ƙarya biyu da Yezebel ta shirya, a zaman da ya yi kama da shari'a ta gaskiya (1 Sarakuna 21). Manzo Bulus ya yi shekara biyu a tsare a Kaisariya ba tare da hukunci ba, domin gwamna Filikus yana sa ran cin hanci, yana kuma so ya faranta wa masu ƙara rai (Ayyukan Manzanni 24). Da a Bauchi ne a yau, sai a ce Bulus ɗan jiran shari'a ne.

Mene Ne Aikin Lauya Mai Kariya?

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa lauya yana rantsuwa ne cewa mutuminsa bai yi laifi ba. Lauya ba shaida ba ne, ba kuma alƙali ba ne. Doka ta ɗora wa mai ƙara, watau gwamnati, nauyin tabbatar da laifi ta yadda ba sauran shakka mai ma'ana, kamar yadda Dokar Shaida ta 2011 ta tanada. Aikin lauya mai kariya shi ne ya gwada wannan hujja, ya ga ko za ta tsaya.

Idan shaida ya ce ya ga wane da dare, lauya zai tambaye shi ko akwai haske, daga wane nisa ya hango, ko akwai wata tsohuwar gaba tsakaninsu a kan gona ko gado. Idan aka kawo takardar da aka ce wanda ake tuhuma ya amsa laifi, lauya zai bincika yadda aka samo ta, gama doka ba ta karɓar amsa laifin da aka tatsa da duka, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta mai da azabtar da wanda aka kama laifi ne mai zaman kansa. Idan mutum bai iya Turanci ba, lauya zai tabbatar an ba shi tafinta kyauta. Shi ne zai nemi beli, shi ne zai tuna wa kotu da fayil ɗin da aka manta, shi ne zai ɗaukaka ƙara idan alƙali ya kauce.

Wannan ya yi daidai da hikimar Karin Magana 18:17, inda aka nuna cewa wanda ya fara kai ƙara yakan zama kamar shi ne mai gaskiya, sai ɗayan ya zo ya yi masa tambayoyi. Shari'ar Musa ta hana a hukunta mutum bisa bakin shaida ɗaya, ta kuma umarci alƙalai su bincika sosai ko shaidan maƙaryaci ne (Maimaitawar Shari'a 19). Nikodimu ya tashi a majalisar Yahudawa ya tuna musu cewa shari'arsu ba ta yarda a hukunta mutum ba sai an saurare shi (Yahaya 7), aka yi masa ba'a saboda haka. Abin da Nikodimu ya yi a ranar shi ne zuciyar aikin lauya mai kariya.

Talaka kuma shi ya fi bukatar wannan. A Amurka, a 1961, an tuhumi wani matalauci mai suna Clarence Gideon da fasa wani gidan wasa a Jihar Florida. Ya roƙi a ba shi lauya, aka hana, ya kare kansa, aka ɗaure shi shekara 5. Daga kurkuku ya rubuta wa Kotun Ƙoli takarda da fensir. A 1963 kotun ta yanke cewa dole gwamnati ta ba matalauci lauya a manyan laifuffuka. Da aka sake shari'ar, lauyansa ya warware maganar babban shaidan gwamnati, aka sallami Gideon. Mutum ɗaya ne, zargi ɗaya ne, bambancin kawai shi ne a karo na biyu akwai wanda ya san tambayar da zai yi. A Nijeriya an kafa hukumar ba talakawa lauya kyauta a 1976, aka sabunta dokarta a 2011, tana kuma da ofisoshi a jihohi.

Jihar Bauchi tana da nata misalan. A 2004 wata kotun Shari'ar Musulunci a yankin Tafawa Ɓalewa ta yanke wa wata matashiya, Hajara Ibrahim, hukuncin jifa. Lauya ya ɗaukaka ƙara, babbar kotun Shari'a ta Dass kuma ta soke hukuncin a Nuwamba na wannan shekara. Hauwa Ibrahim, 'yar ƙauyen Hinna wadda ta yi aikin lauyar gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Bauchi, tana cikin lauyoyin da suka kare Amina Lawal har kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta a Satumba 2003. Waɗannan lauyoyi Musulmi ne, da hujjoji daga cikin shari'arsu suka ceci ran matan. Kariyar da ta fitar da Rhoda ita ce ta fitar da Hajara.

To, Idan Ya Aikata Fa?

A nan tambayar take yin nauyi. Wani zai ce, kare marar laifi aikin lada ne, amma yaya batun wanda lauya ya san ya aikata?

Da farko, sau da yawa lauya bai sani ba. Yana iya zato, amma zato ba sani ba ne. Akwai waɗanda suka amsa laifin da ba su yi ba saboda duka, ko domin su rufa wa ƙane asiri. Akwai kuma wanda ya kashe mutum da gaske, amma yana kare kansa ne, ko hankalinsa ya gushe, ko kuskure ne. Doka ta bambanta waɗannan, kamar yadda Shari'ar Musa ta keɓe biranen mafaka domin wanda ya yi kisa ba da gangan ba (Littafin Ƙidaya 35). Sai an saurari ɓangarensa ake sanin inda laifinsa ya tsaya.

Na biyu, ko da mutum ya faɗa wa lauyansa a asirce cewa ya aikata, ƙa'idojin aikin lauya sun ja iyaka. Ba shi da izinin kawo shaidar da ya san ƙarya ce, ko ya koya wa shaida abin da zai faɗa, ko ya ɗora laifin a kan wani marar laifi. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi gwamnati ta tabbatar da zarginta bisa doka, ya ba mutumin shawara ta gaskiya, wadda sau da yawa ita ce ya amsa laifinsa, sa'an nan ya roƙi sassauci. Lauyan da ya tsallake wannan iyaka, ya sayi shaida ko ya kai wa alƙali ambulan, ya yi zunubi, ya kuma karya dokar aikinsa. Irin waɗannan suna nan, su ne suka ɓata sunan sauran. Haka kuma lauyan da ya karɓi kuɗin gwauruwa ya ƙi zuwa kotu, ko yake ta neman a ɗage shari'a domin shaidu su gaji. Amma ba a rufe asibiti domin an sami likitan da ya ci amana.

Akwai gwaji ɗaya da zai nuna ko mai bi ya yarda da wannan magana har zuciyarsa. Sa'ad da aka gurfanar da mutum biyu a Sakkwato kan kisan Deborah, jaridu sun ba da labarin cewa lauyoyi fiye da 30 ne suka fito domin kare su. Kiristoci da yawa sun ji zafin wannan, zafin kuwa abin fahimta ne. Daga baya, a 2023, aka ji cewa kotu ta sallame su domin masu gabatar da ƙara sun daina zuwa. Jinin yarinyar ya tafi ba wanda ya amsa. Wannan babban zalunci ne, wajibi ne kuma a ci gaba da faɗinsa. Sai dai a lura da inda adalci ya karye. Ya karye ne a wurin waɗanda aka ba takobin hukuma domin hukunta mugu (Romawa 13), suka ajiye shi: tuhumar da aka shigar ba ta kisan kai ba ce, ita ma kuma aka yi watsi da ita. Da an hana waɗannan mutum biyu lauya, da wannan ƙa'idar za a yi amfani a hana Rhoda lauya a Bauchi, inda taron jama'a ya riga ya tabbata cewa ita mai laifi ce. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wurin da ba a sauraren wanda ake zargi sananne ne. Shi ne wurin da aka kashe Deborah. Shi ne Aluu a Jihar Ribas, inda aka ƙone ɗalibai huɗu a Oktoba 2012 bisa zargin sata. Shi ne Uromi a Jihar Edo, inda aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a Maris 2025 bisa zargin garkuwa da mutane. A kowane ɗayansu taron ya tabbata yana da gaskiya, kuma ba a ba kowa damar yin tambaya ko ɗaya ba. Kotu tana da jinkiri, tana da kurakurai, wani lokaci mai laifi yakan sulale. Amma kuskuren kotu ana iya ɗaukaka ƙara a kansa, wanda aka ƙone kuwa ba ya dawowa.

Abin Da Ya Kamaci Iyalin Kirista

Kowane gida ya san 'yan abubuwan nan tun kafin ranar wahala. Wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya amince da shi. Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba ko ba a fassara masa ba. Belin 'yan sanda kyauta ne bisa doka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mata a madadin mijinta ko uba a madadin ɗansa, ta kuma hana a kama mutum saboda rikicin bashi ko ciniki kawai. A nemi lauya tun ranar farko, gama abin da aka rubuta a caji ofis yakan bi mutum har ƙarshen shari'a. A faɗa wa lauya gaskiya duka, har da wadda ba ta da daɗi.

Ikkilisiya ma tana da nata rabo. Idan aka kama ɗan'uwa, dattawa kada su yi gaggawar karanta sunansa a gaban taro, kada kuma su yi gaggawar shelar cewa ƙazafi ne domin kawai shi nasu ne. Su bincika cikin natsuwa. Zumuntar mata ta leƙa gidansa da hatsi, a tabbata yaransa ba su bar makaranta ba, a ziyarce shi kamar yadda Ibraniyawa 13 ta umarta. Idan akwai wanda ya cuta, shi ma a je masa, gama tausayin wanda ake tuhuma ba ya nufin a manta da wanda aka zalunta. Idan kotu ta same shi da laifi, a taimake shi ya tuba, ya biya abin da zai iya biya, a kuma buɗe masa ƙofa ranar da ya fito. Idan ta wanke shi, a faɗa a fili da ƙarfin da aka yaɗa zargin.

Iyayen da ɗansu ko 'yarsu ke son karanta shari'a kuwa su saki jiki. Bulus ya ambaci wani lauya mai suna Zinas cikin abokan hidimarsa, ya ce a taimake shi a tafiyarsa (Titus 3). Gidajen yarin ƙasar nan cike suke da waɗanda ba su da mai cewa uffan a kansu, lauya mai tsoron Allah kuwa zai sami aikin da ya fi ƙarfinsa. Kowane mai bi kuma ya tuna cewa shi kansa yana da Mai tsaya masa a gaban Uba, Yesu Almasihu (1 Yahaya 2), wanda ya tsaya masa yana sane da laifinsa sarai, bai kuwa yi ƙarya a kansa ba. Allah ya ba alƙalai da lauyoyin ƙasar nan tsoronsa, ya kuma tuna da waɗanda suke jiran shari'a. Amin.